Zakara Mai Faɗa, Kaza Mai Kwanci: Halin Kajin Gida a Arewacin Zamfara

Masu sayen kaji iri biyu ne a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, kuma tun daga nesa ake rarrabe su. Dillalin da zai loda kaji zuwa Gusau ko Sakkwato da hannu yake ciniki: ya haɗa fukafukai ya ɗaga, ya matsa ƙirji ya ji tsoka, ya taya. Ko zakaran shi ne ya addabi unguwarsu, wannan bai dame shi ba, tunda kwanansa a duniya ya kusa ƙarewa. Mai sayen kiwo kuwa, dattijuwa ce ko yaron da matan gida suka aiko da saƙo a bakinsa, sai an yi zaman tambayoyi kamar binciken aure. "Malam, kazag ga tana kwanci? Tana tsaron ɗiya? Zakaran ga hwa, shina bin yara?" Mai kaji ya rantse cewa tunda yake bai taɓa kiwon mai hankali irinta ba. Kowa ya san haka zai ce. Duk da haka ana tambaya, ana kuma duban idon kazar da yadda take fizga idan an miƙa mata hannu.

Kazar da za ta zauna a tsakar gida, halinta ne zai nuna ko ƙwai 12 za su zama kaji ko shirwa ce za ta ci ribar, ko mai rarrafe zai sha iska a kan tabarma lafiya, ko kuma za a yi ta kai ƙara tsakanin maƙwabta.

A wannan yanki maganar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Ƙasar da ke tsakanin gulbin Gagare na Ƙaura da gulbin Bunsuru na Zurmi ƙasar noma ce da shanu. Gyaɗa da audugarta ne suka ja layin dogo daga Zariya har ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun share garake masu yawa. Mutumin da aka kore wa shanu, ko ya sayar da tumakinsa ya biya kuɗin fansa, abin da yake iya sake farawa da shi kaza ce. Ba ta ɗaukar ido, ba ta bukatar makiyayi ya shiga daji, in gudu ya kama kuma ana cusa ta a kwando. A farkon Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a jihar, kaza da ƙwai na cikin 'yan abubuwan da mace za ta iya sayarwa ta kan katanga ta sayi gishiri da man miya. Ga kuma cunkoso. Iyalan da suka baro ƙauyuka sun tare a cikin garuruwan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, gidan da a da yake da fili mai faɗi yanzu an yanka shi ɗaki-ɗaki. Kajin da suka saba yawo har bakin gona sun koma zaman lungu ɗaya, cakuɗe da kajin wasu. Inda fili ya ragu kuwa, faɗa ƙaruwa yake yi.

In aka tambayi masu kiwo wane iri ne ya fi masifa, amsa ba ta wuya a bakinsu. Jan zakara, in ji wasu. Wasu su ce mai tsiraran wuya. Akwai mai cewa shazumama mai murɗaɗɗen gashi matsoraciya ce, durgu mai gajerun ƙafafu kuma ba ta da hayaniya. Sai dai waɗannan sunaye kama suke faɗa, ba asali ba. Kaza ɗaya na iya ƙyanƙyashe wake-wake da fara da mai tsiraran wuya a kwanci guda, domin zakarun unguwa ba sa neman izini kafin su tsallaka danga. Launi yana da tasirinsa a wajen ciniki, musamman in boka ko 'yan bori sun ce lallai sai jan zakara ko farar kaza, amma tsadar launi ba shaidar hali ba ce. Bambancin da ya fi tabbata a cikin kajin gida shi ne na girma: kajin rugar Fulani sun fi na cikin gari tsawon ƙafa da nauyi, kuma masu binciken dabbobi a jami'o'in Najeriya sun daɗe da ware su a matsayin wani reshe na daban. Zakaran ruga in ya shigo gari yakan kori na gida daga kan kajinsa da ƙarfin ƙirji kawai.

Wa ke saran wa

Abin da kowace mai kaji ta sani da ido, wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe ne ya fara tsara shi a rubuce. Tun yana yaro yake zama yana kallon kaji yana rubuta wadda ta sari wata, har ya buga sakamakon a 1922. Ya nuna cewa garken kaji ba taron yuyuyu ba ne. Akwai uwar garke da ke saran kowa ba mai saranta. Akwai ta biyu da ke saran kowa ban da ta farko. Haka abin yake gangarowa har zuwa ta ƙarshe, wadda ba ta da wanda za ta huce a kansa. Wani lokaci lissafin yakan murɗe, ta ɗaya ta fi ta biyu, ta biyu ta fi ta uku, amma ta ukun ita ke korar ta ɗaya.

Ana ganin haka da safe in an watsa tsaki. Babbar ba ta gudu, takowa take yi, sauran su buɗa mata. Ƙaramar tana gefe, ta sato ƙwaya ɗaya ta ja da baya. Da magariba ma haka: reshe mafi tsayi a darbejiya na manya ne. Da zarar kowa ya san matsayinsa, faɗa raguwa yake yi, ɗaga kai da harara sun wadatar. Jini yana zuba ne a lokacin da tsarin ya rushe: an kawo baƙuwa, an yanka babba, ko an gwama garke biyu a wuri ɗaya.

Ta kai suke gane juna. A 1953 wani masani a jihar Kansas ta Amurka, A. M. Guhl, shi da abokin aikinsa sun riƙa sauya wa kaji kamanni, su rina gashi a nan, su sauya siffar zanko a can. Sai suka ga in aka taɓa kai da wuya ne 'yan garke suka fi far wa 'yar'uwarsu a matsayin baƙuwa. Kazar da ta yi makonni ba ta cikin garke ma, ko da jinya ce ta sa aka keɓe ta, sai ta sake ƙwatar matsayinta in ta dawo.

Shi ya sa al'adar ɗaure baƙuwar kaza take bukatar gyara. An saba, in an sayo ta daga Kasuwar Daji ko Shinkafi, a ɗaura mata tsumma a ƙafa a turke ta a jikin turmi ko ginshiƙin rumfa kwana biyu ko uku, wai ta san gida. Takan san gidan kuwa, amma a ɗaure take shan sara, ba hanyar gudu, alhali gudun shi ne yadda kaza ke nuna ta sallama. Tunda ba ta gudu ba, masu saran ba sa dainawa. Masu dabara kifa mata kwando mai ɓula-ɓula suke yi su ɗora dutse a kai, 'yan gida su yi ta zagaye suna leƙe har idonsu ya saba. In aka ɗauke ta da dare aka sa ta cikin sauran a wurin kwana, rikicin safiya yakan zo da sauƙi. Da hunturu kuwa, lokacin da annobar kaji ke share gida guda cikin mako, sau da yawa daga kasuwa ake sayo ciwon, don haka ajiye baƙuwa mako 2 a wani wuri daban ya fi kwandon ma amfani.

Masifar uwa

Duk tsakar gida babu mai zafin kaza mai 'yan tsaki. Har zakara hanya yake ba ta.

Sagarar da jiya yara ke kora da kara, da zarar ta tara ƙwai 10 zuwa 15 a bayan randa ko ƙarƙashin rumbu ta hau kwanci, sai ta zama wata aba daban. Ta kumbura gashi, ta riƙa wani gurnani ƙasa-ƙasa, hannu in ya matso ta kai masa sara. Kusan sau ɗaya take sauka a yini, ta ci, ta sha, ta yi birgima a turɓaya, ta koma da gudu. Kwana 21 take yi a haka. Wani sinadarin jiki da ake kira furolaktin ne ke tashi a jininta, shi ke tsayar da yin ƙwai, shi ke ɗaure ta a kan sheƙa. Bayan ƙyanƙyasa abin ya fi muni. Kyanwa, ɗan akuya, agwagwa, ƙafar maigida da ya fito alwala, duk wanda ya ratsa ta tsakanin 'ya'yanta sai ta baza fukafukai ta yi kansa.

Wanda ya taɓa ganin gamonta da shirwa ba zai ƙara ce mata matsoraciya ba. Inuwa ta gifta a ƙasa, kazar ta saki wani siririn ƙara, 'yan tsaki su watse su lafe a ƙarƙashin duk abin da ke kusa, murfin tukunya ne ko tarin kara. Ita kuma ta yi tsalle sama ta tari mai sura da ƙafa da baki. Ba kullum take nasara ba, amma sau da yawa shirwa kan tashi hannu wofi. Masu bincike a Amurka, Christopher Evans da Peter Marler, sun nuna a farkon shekarun 1990 cewa kukan gargaɗin kaji iri biyu ne. Akwai na abin da ke sama, wanda in an ji shi sai a duƙa a nemi mafaka ana kallon sararin sama. Akwai na abin da ke ƙasa, irin kare ko muzuru, wanda in an ji shi sai a miƙe wuya ana waige-waige. Hausawa na cewa kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Tsoron nata da faɗa yake fita.

Wannan hali ba kyauta ba ne. Kazar gida kan yi kwanci kamar sau 3 a shekara, kowane zagaye ta kwashe makonni tana reno ba ta yin ƙwai, shi ya sa ƙwanta na shekara ba ya wuce 40 zuwa 60. Kamfanonin ƙyanƙyasa da gangan suka cire son kwanci daga jinin kajinsu, don inji ya karɓi aikin. Amma a ƙauyen da ba lantarki, kazar nan ita ce injin, ita ce kuma mai gadi. Da damina, lokacin da zabi ke zuba ƙwai a cikin ciyawa, ita ake kawo wa, domin zabuwa ba ta da haƙurin reno; takan ja 'ya'yanta cikin raɓa har su mutu. Ƙwan zabi kuma kwana 26 zuwa 28 yake ɗauka, sai kazar ta ƙara kusan mako a kan nata. Matan da suka san kiwo, kazar da ta fi saran hannu ita suke zaɓa wa wannan aiki, kuma irinta ba a cika kai ta kasuwa ba sai talauci ya kai maƙura.

Aibinta ɗaya: ɗan wata ba nata ba ne. Tsakon da ya ɓace hanya ya shiga cikin nata, sara ɗaya a ka ya isa. A gidan da ke da fili, uwa biyu kan raba wurin tono. A gidan haya mai cunkoso kuwa, inda kaji uku na mata uku suka ƙyanƙyashe a mako ɗaya, gawar tsako kan zama sanadin gaba tsakanin masu kajin.

Zakara da abokan faɗansa

Faɗan zakaru yana da ƙa'ida. Su fuskanci juna, kai a ƙasa, gashin wuya ya tashi ya zagaye fuska. Kowanne ya yi kamar yana tsintar wani abu a ƙasa, ido yana kan ɗan'uwansa. Sai a tashi sama tare, ƙirji da ƙirji, ƙafafu a gaba, ana neman juna da ƙaimi. A sauka, a sake. Wanda ya ji ba zai iya ba sai ya tsuke jiki ya juya, ya shige ƙarƙashin rumbu, mai nasara ya hau turmi ya kaɗa fukafukai ya yi cara. A fili, yawanci nan maganar ke ƙarewa. Kisa yana faruwa ne a akurki, inda wanda aka kayar ba shi da wurin ɓuya.

Carar ma da tsari. Masu bincike biyu a Jami'ar Nagoya ta Japan, Tsuyoshi Shimmura da Takashi Yoshimura, sun nuna a 2013 cewa carar asuba daga agogon cikin jiki take: ko an ajiye zakara a ɗaki mai haske ɗaya dare da rana, zai ci gaba da cara a kan lokacinta. A 2015 suka ƙara da cewa babban zakara ne ke buɗe cara, sauran su biyo bisa matsayinsu. In aka ɗauke shi, na biyu ya karɓa. Wanda ke tashi kafin assalatu a Zurmi yana jin zakarun unguwa suna amsa wa juna, jerin sarauta yake saurare.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka faɗa abu ɗaya ne. Zakara yana da abokan hulɗa uku, ɗan'uwansa zakara, da kaji, da mutane, kuma zafinsa a kan ɗaya ba ya nuna yadda zai yi da sauran. Misali mafi bayyana shi ne Asil na Indiya da Pakistan da Shamo na Japan, irin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓa don faɗa. Ba a haɗa zakarunsu biyu wuri ɗaya, har 'yan tsakinsu kan yi wa juna rauni, amma an san su da kwanciya a hannun mai su, matansu kuma da iya reno. A Jami'ar Guelph ta Kanada, Suzanne Millman da Ian Duncan sun gwada zakaru iri-iri a wajen shekarar 2000. Zakarun faɗa sun fita da mutunci a wajen kaji. Waɗanda suka fi cin zalin mata su ne iyayen kajin nama na kamfani, manya-manyan nan da aka zaɓa don ƙirji: ba sa tsayawa zawarci, bin kaza suke yi su danne, har su yi mata rauni.

Zakaran gida kuwa bai manta zawarci ba. In ya tono gara ko ƙwayar dawa, ba ya haɗiyewa. Sai ya ɗauka ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye, yana wani kira gajere-gajere har kaza ta zo ta cinye. Ya sauke fiffike ɗaya ya zagaye ta. In kaji biyu suka kaure yakan shiga tsakani. Shi ne kuma mai yawan ɗaga kai yana duba sama yayin da sauran ke tono.

Ƙasar Hausa ba ta mai da faɗan zakaru sana'a ba kamar yadda aka yi a Filifin ko wasu sassan Indiya. Mutanen Zamfara da dambe da kokawa aka san su, malamai kuma suna hana haɗa dabbobi faɗa. Yara dai kan zuga zakarun gidajensu a bayan gari, iyakar abin ke nan. Saboda haka ba a taɓa ware wani iri a nan don yaƙi ba. Zaɓen da aka yi na wuƙa ne. Zakaran da ya fara bin mutane, musamman ƙananan yara da fuskarsu ke daidai da ƙaiminsa, ba a yi masa dogon shari'a. Ranar farko a ce as, a jefe shi da takalmi. Rana ta biyu a ɗaure shi. In ya kuskura ya yagi yaro kusa da ido, ko baƙo bai zo ba za a ci miyar zakara a gidan. Shekara da shekaru ana haka, mai bin mutane ba ya daɗewa balle ya bar iri da yawa. Kajin gida sun tashi da gudun hannu da saurin tashi sama, amma ba su cika tarar mutum ba. Wanda ke tarar, sau da yawa wanda aka rena a hannu ne tun yana tsako har ya daina ganin girman ɗan Adam, ko wanda yara suka saba tsokana.

Baƙin da suka zo a kwali

Yanzu tsakar gida ba ta kajin gida kaɗai ba ce. 'Yan tsaki na zuwa a kwali daga wuraren ƙyanƙyasa na yankin Ibadan, a sauke a Gusau, a rarrabo su Ƙaura da gaba. Wanda ya fi shiga gidaje shi ne Noiler na kamfanin Amo da ke garin Awe a jihar Oyo, mai launi-launi irin na gida amma mai saurin girma. Akwai ShikaBrown, kazar ƙwai da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar. Akwai FUNAAB Alpha daga Abeokuta, wadda aka yi wa rajista a 2018. Tsakanin 2015 da 2019 wani shiri na cibiyar binciken dabbobi ta ILRI ya raba wa ƙananan masu kiwo waɗannan ukun, da Sasso ta Faransa, da Kuroiler ta Indiya, da kajin Fulani, a jihohi 5 har da maƙwabciya Kebbi, don a ga yadda za su yi a hannun talaka. A wajen nauyi yawancin baƙin sun wuce kajin Fulani nesa ba kusa ba.

A wajen hali kuwa, sanyinsu ne abin yabo, shi ne kuma abin kuka. Noiler kan biyo mai ita har ƙofar ɗaki, a sunkuya a ɗauke ta ba gudu ba ƙara. Haka ɓarawo ma zai sunkuya ya ɗauka. Tsakon da ya tashi a gaban fitila da tukunyar gawayi ba shi da uwar da za ta lafar da shi in inuwa ta gifta, kuma in ya yi nauyi ba ya iya hawa bishiya ya kwana, sai dai ƙasa, inda muzuru ke yawo. In aka sake su cikin kajin gida suna ƙanana, wata 'yar kazar da ba ta kai rabin nauyinsu ba sai ta hana su kwanon dusa. In sun girma lamarin ya juya: zakaran Noiler mai nauyi in yana hawan ƙananan kajin gida, yakan saɓule musu gashin baya har fata ta fito. Matansu kuma ba su cika kwanci ba. Don haka ƙwansu, in ana son iri, ƙarƙashin masifaffiyar kazar gida yake komawa.

Brahma, ƙaton nan mai gashi har yatsu da masu sha'awa ke saye da tsada a birane, ya fi kowa sanyin hali. Zafin bazarar Shinkafi da taɓon damina ba sa raga wa wannan rigar gashi. Buroila kuwa makonni 6 zuwa 8 take yi a duniya, ba ta kai shekarun neman sarauta.

In aka kulle su

Akwai wani sara da ba na faɗa ba, kuma shi ya fi kashe kaji a wajen masu sabon kiwo. Matar da ta zuba kaji 50 a wani ɗan kango ko keji saboda tsoron ɓarayi, wata rana sai ta tarar da ɗaya ba gashi a gindin wutsiya, kashegari jini, rana ta uku an zaro mata hanji. Takan ce irin ne mugu. Masana halayyar kaji sun daɗe da raba wannan da faɗan matsayi. Saran matsayi a ka ake yi, da ƙarfi, sau ɗaya ko biyu. Fizgar gashi kuwa a baya da wutsiya da dubura ake yi, cikin natsuwa, kuma asalinsa tono ne da ya rasa ƙasa. Kaza a sake takan ɓata mafi yawan yininta tana tono da tsinta. In aka zuba mata abinci a kwano ta ƙoshi cikin 'yan mintoci, bakin bai gaji ba, sai ya koma kan maƙwabciya. Da zarar jini ya fito, ja yana jan idonsu, kowa ya taru. Zafin watan Afrilu da ke kai maki 40 ko fiye, da ƙarancin ruwa, da hasken ƙwan sola da ake bari dare farai, da abincin da dusa ce zalla ba sinadarin gina jiki, kowanne yana ƙara wutar.

Maganin ba ya wuce abin da ke gida. A rage yawa ko a ƙara fili. A sa kwanon ci da na sha fiye da ɗaya, nesa da juna, yadda babba ba za ta iya tsare duka ba. A watsa hatsi cikin ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa su nema da kansu, a rataya damin zogale ko rama su yi ta tsalle. Wadda aka fasa a cire ta nan take, a shafa mata shuɗin maganin nan da ake kira jibi, wanda ke busar da ciwon ya kuma ɓoye jan. Masu gidan gona kan yanke tsinin baki; yana rage ɓarna, amma bai taɓa dalilin ba. Zakara ɗaya ya ishi kaji kamar 10, saura nauyi ne a kan matan.

Jini ma yana da nasa rabon, kuma wani gwaji a Jami'ar Purdue ta Amurka ya nuna yadda mai kiwo ke iya renon mugunta bai sani ba. In aka zaɓi kazar da ta fi kowa ƙwai a cikin keji mai cunkoso aka mai da ita uwar iri, sau da yawa an zaɓi wadda ta danne sauran ne ta cinye rabonsu. William Muir ya sauya hanya: maimakon kaza ɗaya, sai ya riƙa zaɓen kejin da 'yan cikinsa gaba ɗaya suka fi yin ƙwai, ba tare da an yanke musu baki ba. A sakamakon da ya buga a 1996, mace-mace sun sauko daga kashi 68 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 9 a cikin 'yan tsatso kaɗan, ƙwan da ake samu a kan kowace kazar da aka zuba kuma ya tashi daga 91 zuwa 237 a shekara.

A ƙauyukan Ƙaura da Zurmi ba wanda ke riƙe da takardar iri, amma zaɓe yana gudana duk shekara ba da niyya ba. Gab da sallah, ko in rashin lafiya ta taso, ko za a sayi taki, zakaran da ya fi girma ake fara kamawa, don shi ne mai kuɗi. Daga shi sai mai sanyin hali, don shi ne ke tsayawa a kama. Wanda ke saura shi ne ɗan ƙaramin nan mai ido a tsaye, da yara huɗu suka zagaye gida da shi har ya haye kan katanga ya faɗa gidan maƙwabta. Shi zai hau kajin unguwar har damina ta gaba, kuma 'yan tsakin da za a gani bayan girbi nasa ne.